Fuat Sezgin: Malamin da Ya Bi Sawun Lissafin Musulmi

An haifi Fuat Sezgin a garin Bitlis na ƙasar Turkiyya a shekarar 1924. A Jami'ar Istanbul ya zauna gaban wani malami Bajamushe, Hellmut Ritter, wanda ya karkata hankalinsa ga tsofaffin littattafan Larabci masu rubutun hannu. Bincikensa na farko da ya yi fice ya shafi majiyoyin da Imamu Buhari ya dogara da su.

Bayan juyin mulkin soja na 1960, sunansa ya fito cikin malaman jami'a 147 da aka sallama daga aiki. Sai ya koma birnin Frankfurt na Jamus, kuma a can ne aikin rayuwarsa ya tsaya da ƙafafunsa. Ya yi ta zagaya ɗakunan karatu na ƙasashe, yana buɗe kundaye masu ƙura, yana tantance wanda ya rubuta, da lokacin, da inda kwafin yake. Daga nan ya fitar da tarihin rubuce-rubucen Larabci cikin Jamusanci, juzu'i 17. Na farko ya fito a 1967, na biyar kacokan kan lissafi ne. Wannan aiki ne na mai haƙurin gaske, kuma mai nazarin ilimin Musulmi na farko ba ya iya tsallake shi.

A 1982 ya kafa cibiyar tarihin kimiyyar Larabawa da Musulmi a Frankfurt, inda aka ƙera kwafin na'urorin auna taurari da agogunan ruwa. Ya rasu a Istanbul a 2018.