Bindigar da Ba Ta da Mai Tsaya Mata: Birnin Gwari da 'Ya'yanta Mazauna Ƙetare

Tun da rashin tsaro ya yi ƙamari a ƙasar Birnin Gwari, ɗan yankin da ke zaune a waje ya saba da irin saƙon da ke shigowa wayarsa bayan sallar Isha'i. Wata rana kuɗin fansa ne, wata rana kuɗin magani, wata rana kuma sai ƙaninsa ya ce: "Yaya, an yanka wa kowane gida kuɗi, za a saya wa 'yan sa-kai kayan aiki, naka kason muke jira." Ba a cika faɗin ko wane irin kayan aiki ba, shi ma ba ya tambaya. Direban tasi a Bronx, ɗalibi a Ingila, mai shago a Zangon Kumasi ko ɗan ci-rani a Jidda, kowa ya san maganar ta wuce tocila da takalmin roba.

Wanda ya san abin da yankin ya gani ba zai yi saurin zargin masu roƙon ba. A watan Oktoban 2012 'yan bindiga suka auka wa Dogon Dawa da asuba, suka kashe mutum kusan 20, har da masu fitowa daga masallaci. A watan Mayun 2018 aka yi wa Gwaska irin wannan hari, gawa ta haura 40. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da dazukan Zamfara da Neja, ya zama mafakar ɓarayin daji, daga baya 'yan Ansaru ma suka samu wurin zama a gabashin masarautar. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da Udawa ta kai matsayin da direba ba ya shiga sai da rakiyar sojoji. A irin wannan hali ne har gwamnoni suka fara cewa jama'a su kare kansu: Aminu Bello Masari ya faɗa a Katsina a 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta maimaita a Zamfara a 2022.

Sai dai Bahaushen da ya daɗe a Amurka ya ga wata irin kasuwar bindiga dabam. A can, ko ta hannu ce mutum zai saya a shago mai lasisi, sai ya cika takarda, a bincika ko yana da tarihin laifi, a rubuta lambar bindigar, sannan a ba shi rasit. Tun 1968 doka ta wajabta buga wa kowace bindiga lamba, goge ta kuma laifi ne. Da wannan lamba kamfani yake gane kayansa idan sun samu matsala. Kamfanin Hi-Point na jihar Ohio yana gyara bindigarsa kyauta ko hannu nawa ta bi. Smith & Wesson ya taƙaita alkawarin gyaransa ga wanda ya fara saya, don haka mai sayen ta hannu sai ya yi wa kansa lissafi. Ruger ba ya ba da garanti a rubuce, amma ya yi suna wajen karɓar kayansa ya gyara. A 2014 Remington ya yi shelar a dawo da wasu bindigoginsa samfurin 700 saboda kunamarsu na iya tashi ba a taɓa ta ba. Wannan tsari bai hana Amurka zubar da jini ba, kowa ya sani. Abin da ya tanada kawai shi ne wanda za a tambaya idan abu ya lalace.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. A kara kuma, dillali ne ke tsaya wa saniya: idan ta fito ta sata ce, wuyansa za a fara kamawa, shi ya sa ba ya cin la'ada a kan dabbar da bai san mai ita ba. Bindiga ce kaɗai hajar da ake saye da tsada a yankin nan ba shaida, ba rasit, ba dillalin da zai amsa sunansa gobe.

Dalili a fili yake. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta haramta wa farar hula riƙe bindigar yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, ta ɗora lasisin bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ta kuma hana ƙerawa ko gyarawa ba tare da izini ba. Masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 jami'an tsaro take yi wa aiki. Saboda haka duk abin da ya kai hannun ɗan ƙauye ta bayan fage ya biyo. Wani bincike da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 kan makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara ya gano wasu daga rumbunan Libiya suka fito, wasu daga na sojan Kodebuwa, wasu kuma ƙirar Turkiyya ne da aka shigo da su ta tashar jirgin ruwan Legas. Da yawa an goge lambobinsu. A shekarar 2017 kaɗai jami'an kwastam sun kama irin waɗannan bindigogi sama da 2,000 a Legas.

Talaka kuwa, ƙarfinsa bai wuce bindigar toka ko harba-ka-ruga ba. Ita ma idan ta ƙi tashi, sai a naɗe ta cikin buhu a kai wa maƙeri da dare. Ya ajiye garmar da yake yi wa baki, ya duba ta a hasken gawayi, yaro na ja masa zuga-zugi, ya ɗan bubbuga, ya ce a je a gwada. Iyakar garantin ke nan: sanayya da kunyar ido. Ba shi da na'urar auna ƙarfin bututu, ba ya rubuta komai, domin rubutun kansa shaida ce a kansa. Ran da bututun ya fashe ya tafi da yatsun matashi ko idonsa, ba wanda zai kai ƙara, tunda mai ƙarar da wanda ake ƙara duk sun taka doka. Kuɗin asibitin kuma wa za a nema? Wannan yayan na ƙetare da ya aiko da kuɗin farko.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Bindigar da ba ta da rajista ba ta da alƙibla. Wadda aka saya don tsaron gari na iya faɗawa hannun ɓarayi a artabu guda, ko mai ita ya sayar ranar da yunwa ta matsa, ko a yi ramuwar gayya da ita kan makiyayin da bai ji ba bai gani ba. A Zamfara an daɗe ana danganta ruruwar wutar da kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni ba shari'a, har gwamnati ta haramta ƙungiyar. Mai aiko da kuɗi daga nesa ba shi da ikon sanin inda harsashin da ya biya zai sauka, alhali alhakin rai ba ya duba nisan wuri.

Shi kansa ɗan ƙetaren yana kan siraɗi. A Amurka, mai bizar karatu ko ta ziyara ba shi da damar mallakar bindiga sai da wasu sharuɗɗa, fitar da ita waje ba lasisi kuwa babban laifi ne. A 2024 wata kotun tarayya ta samu wani manjo na sojan Amurka da laifin ɓoye bindigogi cikin ganguna shuɗaye, ƙarƙashin shinkafa da kayan gida, ya aika tashar Tema ta Ghana. Ingila ta haramta ƙananan bindigogi tun 1997. Kuɗi ma yana barin sawu: idan aka kama dillalin makamai aka bi asusunsa, sunan wanda ya tura zai fito, kuma "taimakon 'yan uwa na yi" ba ta cika fitar da mutum a gaban mai bincike ba. Takardar zama da aka yi shekaru ana nema na iya salwanta a kan tausayi.

Ba a ce mutum ya toshe kunne ga kukan gida ba. Akwai taimakon da ke da mai tsaya masa: kuɗin jinyar waɗanda suka ji rauni, karatun marayu, taki da iri ga manomin da ya koma gona, waya da fitila mai amfani da hasken rana, gyaran rijiya da aji. Idan batun tsaro ne, jihar Kaduna tana da rundunar sa-ido ta KADVS da doka ta kafa, akwai masarauta ƙarƙashin Sarki Zubairu Jibril Mai Gwari II, akwai hakimai da dagatai. Gudummawar da ta bi ta hannun da aka sani, aka rubuta, aka karanta a bainar jama'a, ta fi wadda aka tura asusun wani da sunan "kayan aiki".

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, ya buɗe kasuwar shanun da ta yi shekaru a rufe. Motoci sun dawo hanya, manoma da dama sun koma gonakin da suka bari. Amma sulhu ba ya narkar da ƙarfe, bindiga kuwa tana fin mai ita tsawon rai. Tun 2021 Najeriya ke da cibiyar ƙasa mai kula da yaɗuwar ƙananan makamai, kuma aikin tattarawa da rajista da lalatawa shi ne zai nuna ko zaman lafiyar zai ɗore. Nan ne muryar mazauna ƙetare za ta fi amfani: su matsa a ƙirga abin da ke hannun kowane ɓangare, a san wanda ke riƙe da shi da wanda zai amsa tambaya a kansa. Kafin nan, duk wanda aka nemi kasonsa yana da haƙƙin ya tambayi me za a saya, wa zai riƙe, kuma wa za a kama idan ta ɓaci.