Daga Ina Ruwan Famfonmu Na Bronx Yake Zuwa?

Duk wanda ya taso a Nima ko Maamobi ya san layin ruwa da asuba, ya san jarkar nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor. Nan Bronx kuwa, da ka murɗa famfo sai ruwa, har mun daina tambayar inda ya fito. Ya kamata mu sani, domin babbar hanyar da ke kawo shi tana yoyo, kuma gyaranta zai taɓa kowane gida.

Birnin Niyok yana amfani da ruwa kusan galan biliyan 1 kullum. Mafi yawansa ruwan sama ne da narkakkiyar ƙanƙara da ke taruwa a madatsun ruwa can wajen duwatsun Catskill, tafiyar sama da mil 100 arewa da mu. Hanyoyi uku ke kawo shi: ta Croton, ta Catskill da ta Delaware. Ta Delaware ce uwa, ita ke ɗauko kusan rabin ruwan gari. Rami ne da aka haƙa cikin dutse, tsawonsa mil 85, faɗinsa mota za ta shige, kuma yana aiki tun shekarun 1940. Ba inji ke tura ruwan ba. Madatsun suna kan tudu, birni yana gangare, sai ruwan ya gangaro da nauyinsa, da ƙarfin da zai hau bene har wajen hawa shida. Shi ya sa dogayen gine-gine ke da tankin katako a samansu.

Idan ruwan ya iso madatsar Hillview a Yonkers, sai ya shiga manyan ramukan da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. An buɗe na farko a 1917, na biyu a 1936. Na uku an fara haƙa shi a 1970, ma'aikata sama da 20 suka rasa rayukansu a aikin.

To, ina matsalar take? Tun shekarun 1990 aka gano ramin Delaware yana yoyo, musamman kusa da garin Newburgh, inda yake ratsa ƙarƙashin kogin Hudson. Asarar takan kai galan miliyan 35 a rana. Sai aka haƙa sabon rami mai tsawon mil 2 da rabi, ƙafa 600 ƙarƙashin kogin, don ya kewaye wurin da ya tsage. Amma ba za a haɗa shi da tsohon ba sai an rufe hanyar gaba ɗaya na tsawon watanni. An rufe ta a Oktoban 2024, fari ya zo, madatsu suka ja baya, dole a Nuwamba aka dakatar da aikin aka sake buɗe ta.

Duk ranar da aka koma rufewa, birni zai ƙara dogara da ruwan Croton, wanda ake tacewa a nan Bronx, ƙarƙashin filin Van Cortlandt. Ɗanɗanonsa zai iya bambanta da wanda muka saba, saboda ƙasar da ya ratso daban ce. Iyayenmu mata, wannan ba alamar gurɓata ba ce, kada a kwashe kuɗin cefane wajen sayen ruwan gora saboda jita-jitar WhatsApp.

Abin da ke hannunmu shi ne tattali. Kada mu bar famfo yana zuba lokacin alwala ko wanke-wanke. Idan famfo ko masai na yoyo, a gaya wa mai gida, in ya yi biris a kira 311. Matasa, ku karanta wa dattawa wannan. Mu da muka taɓa ɗaukar jarka a ka, ba sai an koya mana darajar ruwa ba.