Faifan Jos Da Ya Koma Kunnen Duniya Ta Hannun Baƙi

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun, in aka ce kiɗan Jos, Alhaji Ɗanmaraya da kuntiginsa ne ke faɗo masa a rai. Amma akwai wani kiɗan na Jos da mutanen gida suka manta, baƙi suka tuna.

A tsakiyar shekarun 1970 wata ƙungiyar makaɗa mai suna Sahara All Stars Band Jos ta buga faifan garmaho a kamfanin EMI. Kiɗan nasu gauraye ne, watau sun ɗebo salon Afrobeat na Ikko, suka haɗa da kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka, suka dama su wuri guda.

Ba abin mamaki ba ne irin wannan ya fito daga Jos. Kuza ce ta kafa garin. Tun farkon ƙarni na 20 leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauransu, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere. Jirgin ƙasa kuma ya iso daga Kafancan a 1927. Kowa ya zo da harshensa da gangarsa, aka zauna unguwa ɗaya.

Haka abin yake a Jihar Texas ta Amurka, kan iyakar Meziko. Can ma baƙi daga Jamus suka kawo akodiyan, 'yan asalin Meziko suka mai da shi nasu, aka sami kiɗan da ake kira Tex-Mex. A 1973 wani mutumin San Antonio, Doug Sahm, ya fid da faifan da ya haɗa wannan da kiɗan kantiri na makiyaya, da bulus na baƙar fata, da rok na samari. Bob Dylan da Flaco Jimenez suna cikin waɗanda suka taya shi. Garin baƙi, ko ina yake, kiɗan gauraye yake haifarwa.

Bambancin shi ne, na Texas an adana shi, na Jos kuwa ya ɓace daga kasuwa. Sai a 2001 kamfanin Strut na Ingila ya sa waƙarsu "Enjoy Yourself" cikin wani tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70. A 2008 kuma kamfanin Soundway ya sake fid da "Take Your Soul".

Abin takaici, a watan Satumba na 2001 ɗin nan ne rikici ya ɓarke a Jos, aka yi asarar rayuka masu yawa, unguwanni suka rabu. Watau shekarar da duniya ta fara jin amon zaman tare na Jos, a shekarar ne mutanen garin suka juya wa juna baya.

Wanda ke da tsohon faifan a ƙasan akwati ya riƙe shi da kyau. Shaida ce ta yadda aka taɓa zama.