AMSOSHIN TAKARDUNKU: Ƙungiyar Da Ke Raya Tsofaffin Gine-gine A Ingila

 

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta jihar Kano. Bayan gaisuwa da fatan alheri sai ya ce: "Na ji an ce a ƙasar Ingila akwai wata ƙungiya wadda mutane ke zuba mata kuɗi, wasu ma su yi mata aiki kyauta, don kawai a gyara tsofaffin gidajen da masu su suka daɗe da mutuwa. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, wa ya kafa ta, ina take samun kuɗi, kuma mece ce ribar masu yin wannan wahala? Mu a nan in gini ya tsufa rushe shi muke yi mu sa bulo."

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma abin da ka ji gaskiya ne. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da yawa a Birtaniya, wasu ma na gari guda ne kawai, amma babbarsu ita ce wadda ake kira National Trust. In za a fassara sunan sai a ce ƙungiyar riƙon amanar kayan ƙasa. Ba ta gwamnati ba ce, ƙungiyar agaji ce mai zaman kanta, kuma aikinta ya shafi Ingila da Wales da Ailan ta Arewa. Yankin Sikotilan yana da tasa daban, wadda aka kafa a shekarar 1931.

An kafa National Trust a watan Janairu na shekarar 1895, kuma mutum uku ne suka assasa ta. Akwai wata mata mai suna Octavia Hill, wadda ta shafe rayuwarta tana fafutukar sama wa talakawan birnin Landan gidajen haya masu tsabta. Akwai wani lauya, Robert Hunter, sai kuma wani limamin coci, Hardwicke Rawnsley. Abin da ya dame su shi ne, a wancan zamani masana'antu da layin dogo suna ta cinye filaye, birane suna cika da hayaƙi, attajirai suna killace wuraren da a da kowa ke shiga ya sha iska. Sai suka ga cewa kuka da rubuta takardun koke ba za su hana komai ba. Hanya ɗaya ita ce a sami ƙungiya wadda za ta sayi wurin da kanta, ta riƙe shi a madadin jama'a.

Abu na farko da ta mallaka shi ne wani ɗan tudu a bakin teku a garin Barmouth na yankin Wales, wanda wata mata ta ba da kyauta a 1895. Gini na farko kuwa ta saye shi ne a 1896, a wani ƙauye mai suna Alfriston da ke kudancin Ingila, a kan kuɗi fam 10 kacal. Tsohon gida ne na coci, mai kimanin shekara 600 a yanzu, an gina shi da itace da yaɓe, an kuma baibaye shi da ciyawa. Lokacin da aka saye shi jinkar ta ruɓe, ruwa na zuba, har an yi niyyar rushe shi. Wani abin da zai ba ka sha'awa Malam, daɓen babban ɗakin gidan da alli aka yi shi, aka daddaɓe, aka zuba masa nono mai tsami don ya kama, kamar dai yadda matanmu ke daɓe su zuba makuba. Gidan yana nan tsaye har yau, mutane na zuwa kallo.

Babban ƙarfin ƙungiyar ya samu ne a 1907, lokacin da majalisar dokokin Birtaniya ta yi mata doka ta musamman. Dokar ta ba ta ikon ta ayyana gida ko fili a matsayin wanda ba a sayarwa kuma ba a jinginarwa har abada. Ko gwamnati ce ke son wurin don ta yi hanya, in ƙungiyar ta ƙi, to sai an kai maganar gaban majalisa. Ka ga ke nan abin ya yi kama da wakafi a wurinmu. Wannan ne ya sa mutane suka saki jiki suna ba ta dukiyarsu, domin sun san ba wani shugaba da zai zo gobe ya yanka wurin filoti-filoti ya sayar.

Sai kuma maganar manyan gidajen masu sarauta da attajirai na karkara, waɗanda wasu ke da ɗakuna fiye da ɗari. A Birtaniya in mai dukiya ya mutu gwamnati kan karɓi harajin gado, kuma harajin ya yi ta hawa har a 1949 ya kai kashi 80 cikin 100 a kan dukiya mafi girma. Magada sai su rasa yadda za su yi, ga haraji ga kuɗin gyaran rufi. Da yawa suka sayar da kayan ciki suka rushe gidajen, kuma a shekarun 1950 an yi asarar ɗaruruwansu. Tun a 1937 aka yi wata doka da ta ba mai gida damar miƙa shi ga ƙungiyar ba tare da an biya harajin gado a kansa ba, iyalinsa kuma su ci gaba da zama a wani sashe, da sharaɗin za a riƙa buɗe wa jama'a ƙofa su shiga su gani. Ta wannan hanya aka sami gidan Blickling a 1940, wasu da dama suka biyo baya. Gidan Chartwell na tsohon Firayim Minista Winston Churchill shi ma yana hannunta, an buɗe shi ga jama'a a 1966.

Amma fa kada ka ɗauka gidajen manya kaɗai take kula da su. A garin Worksop akwai gidan wasu iyali 'yan tireda, masu sayar da kayan masarufi, wanda 'ya'yan mai gidan suka bar komai yadda yake tun rasuwar mahaifinsu a 1932, aka bar wa ƙungiyar shi a 1990. A Southwell akwai gidan da aka gina a 1824 don tsare matalauta ana sa su aikin ƙarfi a bakin abinci. A Birmingham kuma akwai 'yan ƙananan gidajen leburori masu jingine da juna, waɗanda aka gyara aka buɗe a 2004. Manufar ita ce yaro ya ga yadda talaka ya rayu, ba sarki kaɗai ba. Gaba ɗaya wuraren tarihi da ke hannunta sun haura 500.

To ina kuɗin ke fitowa? Hanya ta farko ita ce kuɗin shekara da 'yan ƙungiya ke biya, wanda ke ba su damar shiga wuraren ba tare da sayen tikiti ba. A shekarar 2019 yawansu ya haura miliyan 5. Sai kuɗin shiga da baƙi ke biya, da cinikin kantuna da wuraren shan shayi da ke cikin gidajen, da wasiyyar da mutane ke bari, da tallafin da ake nema don wani aiki na musamman. Akwai kuma kuɗin haya, domin ƙungiyar tana da ƙasa kimanin hekta 250,000, kuma manoma fiye da 1,000 ne ke haya suna noma da kiwo a kai. Wata marubuciyar littattafan yara mai suna Beatrix Potter, wadda kuma makiyayiya ce, da ta rasu a 1943 ta bar wa ƙungiyar fili kimanin eka 4,000 da gonaki fiye da 10, ta kuma nemi a ci gaba da kiwon tumakin yankin, irin da ake kira Herdwick, masu jure sanyin duwatsu.

Ƙungiyar ta koyi darasi tun da wuri game da kyautar da ke zame wa mutum kaya. A 1907 ta karɓi wani babban gida mai suna Barrington Court, gyaransa ya kusa tsiyata ta. Shi ya sa daga baya ta kafa ƙa'ida cewa ba ta karɓar babban gida sai an haɗo shi da guzurinsa, wato kuɗi ko gonakin da amfaninsu zai riƙa ɗaukar nauyin gyara. Duk ɗan kasuwa ya san wannan lissafi: wanda ya ba ka doki bai ba ka dusa ba, aiki ya ba ka.

Daga cikin masu taimako na farko akwai wasu 'yan mata masu ilimi da suka kira kansu Ferguson's Gang. Ba sa bayyana sunayensu, sai su rufe fuska su shiga ofishin ƙungiyar a Landan su ajiye kuɗi su fice. A 1933 ɗaya daga cikinsu ta ajiye jaka mai ɗauke da fam 100 na azurfa. Da kuɗinsu aka ceto wani tsohon injin niƙa mai aiki da ruwa a Shalford, da wani tsohon zauren taron gari a tsibirin Wight.

Game da masu aikin kyauta kuwa, dubun-dubatarsu ne, yawancinsu tsofaffin ma'aikata da ɗalibai. Wani ya tsaya a ɗaki yana yi wa baƙi bayani, wani ya yi shara da ban ruwa a lambu, wata ta riƙa kakkaɓe ƙurar tsofaffin littattafai tana duba ko ƙwari sun shiga, wasu su gyara katangar duwatsu ta gonaki. Aikin gwaninta kuwa, kamar sassaƙar dutse da baibaya da gyaran azara, ƙwararru ake ɗauka a biya su, suna kuma koya wa yara masu tasowa.

Yadda suke gyaran ma akwai abin lura a ciki. Sun ɗauko tsarin ne daga wata ƙungiya da ta riga su, wadda William Morris da abokansa suka kafa a 1877 don kare tsofaffin gine-gine. Ƙa'idar ita ce a yi ta ƙaramin gyara a kan kari, a share indararo kafin damina, a toshe tsaga tun tana ƙarama, kuma a gyara gini da irin kayan da aka gina shi da su. Tsohon bangon da aka ɗaura da kwaɓin farar ƙasa da yashi ba a shafa masa siminti, saboda farar ƙasa tana barin danshi ya fita, siminti kuwa kulle shi yake yi a ciki har bango ya ruɓe. Maginanmu na ƙasa sun san wannan, domin duk wanda ya taɓa yi wa ginin ƙasa filastar siminti ya ga yadda ruwa ke ratsawa ta baya, wata rana filastar ta ɓanɓaro da rabin bango.

Ba a ce aikin ba shi da cikas ba. A 1989 gobara ta cinye gidan Uppark ana cikin gyaran rufinsa, ma'aikata da baƙi suka yi layi suna miƙo kaya waje, aka sake gina shi aka buɗe a 1995. A 2015 wutar lantarki ta haddasa gobara a gidan Clandon Park, kuma a 2022 ƙungiyar ta yanke shawarar barin mafi yawansa kango yadda wuta ta bar shi, abin da wasu 'yan ƙungiya suka yi fushi da shi. A 2020 annobar korona ta sa an rufe wuraren, har aka sallami ma'aikata kimanin 1,300. A wannan shekara ce kuma ta fitar da rahoton da ya nuna cewa wurare 93 da ke hannunta suna da alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka. Wasu suka yaba da faɗin gaskiya, wasu suka ce ta bar aikinta ta shiga siyasa.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wato mece ce riba. Mai aikin kyauta ba ya samun ko kwabo, sai dai abokan hira da koyon sana'a da farin cikin ganin abin garinsu bai ɓace ba. Amma gari yana samu. Baƙon da ya zo kallon tsohon gini zai hau mota, ya ci abinci, ya kwana, ya sayi tsaraba. Magini da mai baibaya suna samun aiki, sana'arsu ba ta mutu ba. Kuma gini in ya rushe, tarihin da ke jikinsa ya tafi ke nan, kuɗi ba ya dawo da shi.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. A garin Jenne na ƙasar Mali, mutanen gari kan fito kwansu da kwarkwatarsu su yi gayyar yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka gina a 1907, shi ya sa yake tsaye. A da ma haka ake yi wa ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an soma ta zamanin Sarki Gijimasu, amma da gayyar ta mutu sai ruwa da masu ɗiban ƙasa da masu gini suka cinye wurare da yawa nata. Saboda haka Malam, in akwai tsohon masallaci ko zaure ko rijiya a garinku, ba sai kun jira gwamnati ba. Ku haɗa 'yan mutane amintattu, ku sa ranar gayya bayan girbi, ku nemi tsohon maginin da ya san kwaɓin, ku rubuta abin da aka tara da abin da aka kashe, ku kuma sa mai gari ya shaida cewa wurin na jama'a ne ba na sayarwa ba. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.