Gudun fanfalaki a Zamfara: Abin da ake nema a waya da abin da ya kamata a ɓoye

Matashin da ke Jangebe ko Bakura ko Maradun, mai sha'awar gudun fanfalaki, a wayarsa yake samun kusan duk abin da koci zai faɗa masa. A YouTube zai ga yadda 'yan Kenya ke atisaye a garin Iten. A Facebook da WhatsApp zai ji ranar gasa. Rajistar gasar birnin Legas mai nisan kilomita 42, wadda aka fara a 2016, ta intanet ake yi. Labarin gasar Okpekpe ta kilomita 10 a Jihar Edo ma ta nan yake isowa.

Sai dai ba kowace shawara ce ta dace da nan ba. Iten na kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, ga sanyi. Wanda ya kwashi jadawalinsu ya ɗora a zafin Afrilu na Talata Mafara, ko a cikin azumi, zai iya jigata.

Babbar matsalar kuwa tana wajen yaɗa bayani. Manhajoji irin su Strava na zana taswirar hanyar da mutum ya bi, da lokacin da ya fita, da inda ya tsaya, wanda galibi ƙofar gidansa ce. A Turai abin alfahari ne. Amma a Janairun 2018 an gano cewa taswirar manhajar ta fallasa sansanonin sojin Amurka a Siriya da Afghanistan, saboda sojojin na gudu da ita a kunne.

A yankin da aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, wallafa cewa kullum bayan Asuba kana kan hanya kaza kai kaɗai ba ƙaramin ganganci ba ne. Manhajar na da wurin ɓoye mafari da ƙarshen hanya, ko rufe bayanan gaba ɗaya. Nisa da mintuna sun ishi abokai su gani.

Intanet ɗin ma ba ta da tabbas. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni. Shi ya sa yake da kyau a sauke jadawali ko a kwafe shi a littafi.

Hanyar da ke da lafiya gobe da safe kuwa, direbobin tasha da 'yan acaɓa sun fi kowace manhaja sani.