Akodiyon Bai Kori Kowa Ba, Fiyano Ce Ke Korar Mai Goge

Tun da Cyrill Demian ya yi rajistar akodiyon a Biyana a 1829, wannan abin kiɗa mai zugazugi ya bi jiragen ruwa da fatake ya zaga duniya, kuma kusan duk inda ya sauka sai ya zama ɗan gida. Ma'aikatan ma'adinai na Lesoto sun gina kiɗan famo a kansa, talakawan Kef Bad sun yi funana da shi, makaɗan Sudan sun saka shi cikin ƙungiyoyinsu. A ƙasar Yarabawa I. K. Dairo ya shigar da shi kiɗan juju a ƙarshen shekarun 1950, ya yi sunan da har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1963. A ƙasar Hausa kuwa bai samu masauki ba. Daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri da ƙauyukan Ɗan Kassari, a ƙasar Arewa da ke Nijar, da wuya ka ji shi a wurin biki. Baƙon da ya samu shiga shi ne fiyano mai lantarki, kuma bambancin waɗannan baƙi biyu ya isa ya bayyana halin da masu goge da gurmi suke ciki a Arewa yau.

Akodiyon ba ya kiɗa sai da mutum. Dole a rungume shi a ƙirji, hannu ɗaya yana ja yana turawa, yatsu suna danna maɓallai, kuma idan makaɗi ya tsaya sauti ya tsaya. Shi ya sa da Dairo ya ɗauke shi, masu ganga da sauran ƴan amshi suna nan a bayansa, mutum ɗaya kawai aka ƙara cikin ayari. Fiyano irin ta Yamaha da ta cika situdiyoyin Kano tana ɗauke da ganga da sarewa da molo a cikinta. Bayan waƙar fim ɗin Sangaya ta 1999 ta karaɗe ƙasar Hausa, sai ya tabbata cewa yaro ɗaya a ɗaki ɗaya zai iya fitar da abin da a da sai an tara mutum shida. Waƙoƙin sun ƙetaro iyaka ta Sakkwato da Kabi zuwa Nijar, da fari a kaset, yanzu a katin waya. Mai biki a Ɗan Kassari yana da lissafi mai sauƙi: ko ya ɗauko mai goge da masu ƙwarya, ya ciyar da su, ya sallame su, ko ya yi hayar lasifika da janareta. A shekarar da gero bai yi ba, kowa ya san wanda zai zaɓa.

Za a ce ai wa'azi ne ya raunana goge tun kafin fiyano ta zo. Akwai gaskiya a ciki. An daɗe ana danganta goge da bori da gidajen shashanci, kuma tun kafuwar Izala a Jos a 1978 wa'azin ya ƙara zafi a ɓangarorin iyaka biyu, har wasu makaɗa suka ajiye sana'ar. Amma da wa'azi kaɗai ne, da kiɗan biki ya mutu gaba ɗaya. Bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai an cire makaɗin daga cikinsa. Wasu kuma suna cewa akodiyon ya kasa shiga ne don sautukansa a kafe suke, ba sa lanƙwasa su bi hawa da saukar harshen Hausa. Wannan hujja ba ta tsaya ba, domin maɓallan fiyano ma a kafe suke, ga shi kuwa ta mamaye ko'ina. Abin da ya hana akodiyon shi ne tsada da wahalar gyara, da kuma rashin gurbi: aikin da zai yi, goge da kukuma suna yin sa da ƙwarya da fatar guza da gashin wutsiyar doki, kayan da ake samu a gida.

Inda goge ya fi riƙe matsayinsa shi ne inda na'ura ba ta iya maye mutum. A yankin Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari sojojin Faransa ƙarƙashin Bule a 1899, da Bagaji, al'adar Azna da bori ba ta ƙare ba. A can kowane iska da takensa. Mai goge yana shafa ƙaro a izga, ya ɗora ta a kan tsirkiya, idonsa yana kan mai rawa, yana ƙara sauri ko yana sassautawa gwargwadon abin da ya gani a jikinta, masu ƙwarya suna bin sa. Wannan karatu ne na shekaru, ana ɗaukar sa a gindin uba ko maigida. Sai dai wannan mafaka tana da illa, domin duk lokacin da goge ya ƙara takurewa a bori, matashin da ke gudun tsangwama yana ƙara nisantar sa, kuma taken da ba a koya wa kowa ba yana bin mai shi kabari.

Nijar ba ta yi zaune ba. Akwai gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, akwai cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda marigayi Malam Mamman Barka ya yi aiki, mutumin da ya je gaɓar Tafkin Cadi ya koyi kiɗan biram kafin kiɗan ya ɓace. Amma Yamai ta yi wa yaron Ɗan Kassari nisa, kuma gasa ba ta ciyar da gida. Abin da ya raya akodiyon a wasu ƙasashe shi ne makaɗinsa yana samun abinci da shi a fili, ba tare da kunya ba. Mai goge na Arewa zai samu magaji ne idan gidajen rediyon karkara, da hukumar gunduma, da mawaƙan zamani masu shiga situdiyo suka riƙa kiran sa aiki suna biyan sa.