Zongon Wagadugu: Yadda ake raba indararo da ganyaye ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba

A unguwar Zongo ta birnin Wagadugu, gidaje da yawa na laka ne masu rufin kwano, kuma da wuya a ga gidan da ba shi da dogon yaro ko mangwaro a kusa. Inuwar tana da daɗi, amma ganyen da ke zuba lokacin rani yana taruwa cikin indararo tare da ƙurar hunturu. Da ruwan farko ya sauka sai su zama taɓo, hanyar ruwa ta toshe.

Lissafin mai sauƙi ne: ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Rufi mai murabba'in mita 30 zai tara lita 600 idan aka yi ruwan milimita 20. In indararo ya toshe, wannan ruwan bango zai bi, ya jiƙa gindin gini har laka ta saki. Mazauna birnin ba su manta da 1 ga Satumban 2009 ba, ranar da ruwa sama da milimita 250 ya rushe dubban gidaje, akasarinsu na laka.

Akwai kuma batun lafiya. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue, wanda ya kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023, yana hayayyafa cikin ɗan ruwan da ya kwanta. Kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwansa ya zama sauro.

Maganin ba ya bukatar ɗimbin kuɗi. Kafin watan Yuni, a sassabe rassan da suka leƙo kan rufi, a kwashe tarkacen da tsintsiya da guntun jarka. Sannan a sayi ragar waya mai ƙananan idanu, a yanka daidai faɗin indararo, a ɗaure da waya, a ɗan karkatar da ita don ganye ya zame ƙasa. Gidan sauro bai dace ba, domin ƙura na saurin toshe shi.

A zuba bokitin ruwa a gwada. Idan ruwa ya tsaya, a gyara gangaren. A riƙa dubawa bayan kowace guguwa, musamman a Agusta. Mai hawa tsani ya samu wanda zai riƙe masa, ya kuma nisanci wayoyin SONABEL.